A Kai Su Gidan Baba

Gaya, shekarar da aka rufe iyaka.

Talata, da hantsi

Ya sake cizona. Yatsan dama, daidai gindin farce. Jinin bai tsaya ba sai da na cusa shi cikin toka.

Ni Sumana ban shiga lakwal ba, wato boko, allon ma ban yi nisa ba, amma ƴan baƙaƙen ajamin da na tsinta sun isa in ajiye magana. Da can kaina ne ma'ajiyata, duk Gaya an sani. Yanzu akwai maganar da ba a yi a ƙofar gida, a ɗaki kuma ba ni da mai ji tun rasuwar matata Hasana. To ga takarda.

Kusu ne guda biyu, ɓera in ji mutanen ƙetare. Ba na rumbu ba, na jigawa: launin rairayi, cikinsu fari, ƙafar baya doguwa, wutsiya da ɗan tuntun gashi a bakinta. Yaron ne ya tsince su a hanyar Bengu ranar da kamyonsa, motar kayan da yake tuƙawa, ya mutu masa, suna jajur, ko ido ba su buɗe ba. Cikin hularsa ya raine su, da madarar gwangwani. Gari ya yi ta dariya, wai a shekarar da mutane ke tona ramin kusu suna ƙwace tsabar da ya ɓoye, ga wani yana ciyar da kusu. Ni ban yi dariya ba. Ban kuma ce masa komai ba. Ɗan farina ne, ba na hira da shi, ba na kama sunansa.

Ranar da masu kaki suka zo, kafin su sa shi a mota, ya waiwayo ya ce wa matarsa Bibata: a kai su gidan Baba. Iyakar abin da ya ce ke nan. Bibata ta ɗauko rabin tanon ƙarfen da suke ciki, wato rabin duro, da yashinsa, da ragar wayar da aka rufe shi da ita, ta kawo nan. Ita ma ta dawo nan da zama.

Nan ne gidan Baba. Ni na haife shi.

Laraba, bayan la'asar

Siddo ya zo. Ƙanena ne, ciki ɗaya. Shi aka ba yaron da aka yaye shi, yadda ake yi da ɗan fari, yadda aka yi da ni, yadda aka yi da ubanmu. Ba abin magana ba ne.

Ya dubi hannuna ya ce, "Yaya, me ya same ka?"

Na ce, "Ƙaya."

"Ƙaya mai haƙori biyu?"

Ya ɗauki buta, tawa, ya wanke hannu, ya durƙusa gaban tanon, ya ɗebi yashin ciki ya murza a tafinsa. Sannan ya shimfiɗa hannun a kan yashi, ya ce wane na gaishe ku. Ya faɗi sunan yaron ɓaro-ɓaro, ya maimaita, kamar mai kiran ɗan tallan goro. Sai ga su sun fito daga rami. Ɗaya ya hau tafin, ɗayan ya bi hannun riga ya ɓulla ta wuya. Siddo na dariya, giɓinsa duk a waje.

"Haka yake musu in zai ba su abinci," in ji shi. "Sun san sunan."

Na ce kusu bai san suna ba, tsaba ya sani.

Ya ce, "Kar ka zo musu ta sama, Yaya, shaho suke zatonka. Kuma hannunka ƙanshin goro yake yi, sun ɗauka abin ci ne."

Na ce ina kiwon doki tun yana tsotson yatsa, ba shi zai koya mini dabba ba.

Da zai tafi ya tsaya a bakin zaure yana gyara takalmi. "Gidan Baba fa ya ce."

"Na ji."

"To."

"To me?"

"Ba komai. In sun dame ka, akwai wuri a wurina."

Shi yaron, Siddo yake ce wa Baba, wannan na sani. Ni in ya zo gaishe ni, daga nesa yake durƙusawa ya ce ina kwana, in ce lafiya, ya tashi. Bai taɓa kirana da komai ba. Amma mutum in ana sa shi a mota irin waccan, ai jini yake tunawa, ba tuwo ba.

Alhamis, da safe

Babban yatsa.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

An kewaye Siddo ana yi masa jaje. Allah ya fito maka da ɗanka, Allah ya sa a gane gaskiya. A hankali ake faɗi, ana waige-waige, amma ana faɗi. Ni da zafin rana aka gaishe ni. Liman ma, wanda na san ranar da aka yi wa ubansa kaciya, hannuna kawai ya riƙe ya ce ya jiki.

Haka ya kamata, ban ce ba haka ya kamata ba. Da sun yi mini jajen ma kau da kai zan yi. Amma da sun yi.

Asabar, da azahar

Sunan da yaron ya sa musu: babban Kumandan, ƙaramin Ajidan, duk muƙaman soja. Kumandan ne mai cizon. Yau na sa hannu in ɗauke ɓawon kabewa, ya kama ni tsakanin yatsu, bai saki ba har na ɗaga shi sama yana reto. Na ce, da ƙarfi kuwa, Kumandan, Allah ya isa tsakanina da kai, sai na ga bayanka.

Bibata ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta zube ƙasa. Ba ta taɓa fara yi mini magana ba in ba ni na tambaye ta ba. Ta ce, "Baba, don Allah. Katangar nan gajera ce."

Na dubi katangar. Gajera ce kuwa. A bayanta wata na shanya, ban ga ko wace ce ba, zanen dai ya daina motsi.

Na ɗaga murya na ce kusu nake nufi, Kumandan ai kusu ne. Sai na ji maganar ta ƙara lalacewa.

Daga yau a baki Babba da Ƙarami za a ce musu. A takarda zan rubuta abin da na ga dama. Gidan nan sunayen da ba a faɗi sai ƙaruwa suke yi.

Lahadi, da la'asar

Na daka barkono na shafa a yatsa, na miƙa masa. Ai haka ake yaye yaro da maɗaci, in ya ɗanɗana ya bari. Ya shinshina, ya yi atishawa, ya hau dukan ƙasa da ƙafafun baya, dif dif dif, kamar ƙaramar ganga. Ajidan ma ya kama. Suka shige rami, har magariba ba su leƙo ba.

Ni kuma na manta na sosa ido.

Litinin, da safe

Ban zuba musu gero ba. Yunwa za ta koya masa ladabi.

Litinin ɗin dai, da azahar

Na zuba. Na same su tsaye a kan ƙafa biyu suna duban ragar sama, ba inda za su, sai abin da aka jefo musu ta cikin waya. Na ƙara musu da ƴaƴan guna.

Siddo bai zo ba. An ce ya tafi Dosso wurin wani wanda ya san wani. Bai gaya mini ba, a bakin mai shayi na ji.

Laraba, da hantsi

Mutum biyu daga Tunuga, rigimar iyakar fadama. Har yanzu in an rasa mai tunawa, nan ake zuwa. Na jera musu: wanda ya sare kurmin, wanda ya gaje shi, wanda ya ba da aron gefen gabas shekarar fara, matar da aka auro daga Yelu ta zo da saniya mai ƙaho ɗaya. Sunan saniyar ma na gaya musu. Har kakan kakansu na kira da suna, ɗaya bayan ɗaya, ban yi tuntuɓe ba. Suka sasanta nan kan tabarmata.

Da za su tashi babbansu ya ce, "Baba Sumana, mun ji abin da ya sami ɗan Siddo. A isar masa da jajenmu."

Na ce zan isar.

Ban isar ba.

Alhamis, bayan azahar

Siddo ya zo da safe ya yi wasansa. Ajidan har barci ya yi cikin hularsa, shi kuma ya zauna kai ba hula yana yi mini hirar tsadar hatsi a hankali, wai kar ya tashe shi. A gidana.

Da ya tafi na ce yau sai na riƙe ɗaya a hannuna, ko ana so ko ba a so. Rana ta take, suna barci. Na tona yashin da hannu. Kumandan ya ɓace ƙasa, Ajidan ya yi tsalle zai wuce, na cafke wutsiya.

Ban ja ba. Wallahi ban ja ba, shi ya fizga. Tuntun da fatar suka zame suka zauna a hannuna kamar kube, shi ya gudu da ɗan siririn ƙashi ja a bayansa. Ko kuka bai yi ba. Jini ya ɗiga a yashi.

Na san sunan rijiyoyin da suka ƙafe kafin a haifi ubana. Ban san kusun jigawa na barin wutsiyarsa a hannun mutum ba.

Bibata ta gani. Sai bayan la'asar ta yi magana, daga bayan zana.

"Baba, shi in ya dawo ni zai tambaya." Ita ma ba ta kama sunansa, mijinta ne. "Ba gobe ba, Juma'a ta sama, zan kai su gidan Baba Siddo. Ka yi haƙuri."

Na ce wa ya kawo su nan?

"Ni ce."

Na ce don me?

Ta ce, "Kai nake ce wa Baba. Ranar ban tsaya tunani ba."

Na binne tuntun a bayan rumbu.

Juma'a, da yamma

Ƙaramin ya ci. Ƙashin ya bushe ya yi baƙi.

Asabar, da safe

Siddo ya shigo da sauri, ko zama bai yi ba. An yarda dangi su ga waɗanda ake tsare da su, ranar Litinin. Ya ce, "Ka zo mu je tare, Yaya," kamar mai gayyata ta gonarsa.

Ya leƙa tanon. Ya ga wutsiyar. Ya dube ni, ya mayar da ragar a hankali. Da ya zage ni da ya fi mini.

Talata, da safe

Jiya mun je Dosso.

Motar farko muka shiga. Hanya duk shinge, a kowanne a sauka a nuna takarda a sake hawa. Siddo ya riƙo soyayyen kifi da ƙullin gari. Ni na riƙo bargona.

Katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe, ba zan rubuta sunan wurin ba. Sojan ƙofa yaro ne, ko gemu bai fito masa ba, da tsagen Arawa a kumatu. Da ya faɗa mini garinsu da na gaya masa kakansa.

Ya ce, "Mutum ɗaya ke shiga, uba ko uwa. Wa kuka zo gani?"

Ni ne a gaba, don ni ne babba. Na ce yaron Gaya, shofer, wato direba, dogo, mai tabo a girar hagu inda jaki ya harbe shi yana ƙarami.

"Tsoho, ƴan Gaya sun fi ɗaya a ciki. Suna."

Na buɗe baki. Ga mutane a bayanmu, mata da kwanuka, duk suna ji. Na ce ɗan Hasana ne, jikan Isufu mai doki, ta wajen uwa kuma jikan…

"Ban tambaye ka tarihi ba. Suna, ko ka matsa."

Siddo bai yi sauri ba. Wannan shi ya fi ci mini rai. Ya jira ni, ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, ya bar mini wuri har sojan ya ɗaga hannu zai kira na baya. Sannan ya faɗi sunan.

"Kai ne uban?"

Siddo ya dube ni. Ya ce, "Ni na riƙe shi."

"Shiga."

Ya karɓi bargon daga hannuna ya shiga da shi.

Na zauna a gindin itacen bedi tare da matan da ba a bari sun shiga ba. Wata ta miƙo mini ruwa ta ce, "Rakiya ka yi, Baba?" Na ce rakiya.

Da ya fito idonsa ja. Sai da muka wuce shinge na biyu ya yi magana.

"Yana gaishe ka."

"Kowa ma yana gaishe ni."

"Ya tambayi kusunsa. Na ce suna lafiya."

"Wutsiyar fa?"

"Ban faɗa ba."

Yanzu har asiri yake rufa mini.

Na ce, "Bargon fa?"

"Ya karɓa." Sannan ya ƙarasa, don Siddo bai iya ƙarya ba. "Ya ce na gode, Baba."

Talata, bayan la'asar

Ba na son ganin kowa. Na ce wa Bibata in Siddo ya zo ta ce ina barci. Ya zo, na ji muryarsa, ya ce a bar shi ya huta, jiya ya sha hanya. Ya sha hanya. Kamar wani baƙo da aka wahalar.

Laraba, da hantsi

Na bar cin goro da safe. Ba don Siddo ya faɗa ba, haƙorina ke ciwo. Na wanke hannu, dama lokacin walaha ne. Na murza yashinsu a tafi, haka ake yi wa baƙon doki, a bar shi ya ji warin wurinsa a jikinka, tun ba a haifi Siddo ba na san wannan. Na jefa musu guntun icen tsamiya, suka hau gwigwiya kamar masu sassaƙa. Ashe haƙorin ƙaiƙayi yake musu.

Na shimfiɗa hannu a ƙasa na jira har ƙafata ta yi tsami. Kumandan ya zo, ya shinshina, ya ɗora haƙori a yatsa. Ban fizge ba. Na hura masa iska a fuska. Ya ja baya, ya zauna yana wanke ido da hannu biyu kamar wanda aka ba kunya.

Bai cije ni ba. Bai kuma hau ba.

Laraba, da la'asar

Na lura akwai wani sauti a cikin sunan, kamar ruwa ya ɗiga a garwashi, shi suke ɗaga wa kunne. To ai ba shi kaɗai ke da wannan sautin ba.

Na ce assalamu alaikum. Suka leƙo.

Na ce Sumana na gaishe ku. Suka koma.

Na ce Hasana na gaishe ku, Allah ya jiƙanta ya sa ta yafe mini, ai sunan ya yi kusa. Ƙaramin ya fito har rabin hanya da guntun wutsiyarsa, ya miƙe tsaye yana dubana sak kamar sojan ƙofa.

Jibi Juma'a.

Alhamis, bayan la'asar

Bibata ta tafi famfo. Na leƙa zaure, ba kowa. Na leƙa bayan katanga, ba mai shanya.

Ko ranar suna ba ni na raɗa wa liman ba, Siddo ne. Ni ina gona, wai ina duba kara, da tsakar rani. Tun daga ranar sunan yana bakina a kwance. Na faɗi na matattu da na masu rai, na bayi da na sarakai, na dawaki, na shanu. Shi ina zagaye shi kamar rijiya marar murfi. Ba laifi na yi ba, kunya ce, ita na gada. Ubana ya mutu bai kira ni Sumana ba, kuma ban ce bai so ni ba.

Amma ubana bai taɓa tsayawa gaban ƙofar ƙarfe ba.

Na wanke hannu, na murza yashi, na shimfiɗa. Na farko bai fito ba, iska ce kawai. Na biyu ya fito kamar na mai mura. Na ce, wane na gaishe ku.

Yashin ya motsa. Kumandan ne ya fara fitowa. Ya zo kai tsaye ya hau tafina, ƙafafunsa sanyi, nauyinsa bai kai na ƙwai ba. Ina jin zuciyarsa tana bugawa a fatar hannuna. Ƙaramin ya biyo shi. Babban ya bi hannun riga ya haye har wuya, ya sa hanci a gemuna.

Na sake faɗin sunan. Wannan karon ba don su ba.

Da na ɗaga kai Bibata na tsaye a bakin zaure da bokiti a ka, ruwa na zuba mata a kafaɗa ba ta ma sani ba. Ta wuce wurin randa kamar ba ta ga kowa ba. Ta daɗe tana juye ruwan bokiti ɗaya.

Juma'a, da yamma

Tanon yana inda yake. Bibata ta share gefensa ta ƙara sabon yashi.

Talata, da hantsi

Jiya na koma Dosso, ni kaɗai. Ban gaya wa kowa ba sai Bibata, ta ƙulla mini gari.

Sojan nan ne dai. Ya ce, "Mai tarihi, ka dawo? Suna."

Na faɗa. Ya fito da ƙarfi fiye da yadda na nufa, har matan bayana suka waiwayo.

"Kai mene ne nasa?"

"Ubansa."

"Wancan na makon jiya fa?"

"Ƙanena ne. Aro na ba shi."

Ya danne dariya ya buɗe ƙofa.

Ba zan rubuta yadda na same shi ba. An aske masa kai. Bargona na kafaɗarsa, duk da zafin nan. Da ya gan ni ya tsaya cik, sannan ya durƙusa daga nesa yadda ya saba, sai dai ɗakin ƙarami ne, nesan ba ta kai nesa ba.

"Ina kwana."

"Lafiya."

A gida nan yake tashi ya tafi. A nan ba inda za shi. Muka zauna, wani soja na jingine a ƙofa yana sakace.

Idonsa ya sauka a yatsuna. Ya yi ƙasa da murya. "Kumandan ne?"

Na ce rufe bakinka, Babba muke ce masa yanzu.

Ya fara dariya, ya kama haƙarƙarinsa, ya bari. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Ai gidan Baba Siddo na nufa. Na san ba ka son kusu."

To ga shi nan, na ji da kunnena.

Na ce ka ce gidan Baba, an kai su gidan Baba, magana ta ƙare.

"In suna wahalar da kai sai a mayar."

"Sun daina. Jiya babban cikin hannun rigata ya yi ƙailula."

"Ya hau hannunka?"

"Har wuya."

"Ai ba sa fitowa sai an ce musu…"

Ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun yana goye. Sannan ya sunkuya, ya ja bakin bargon ya rufe fuska. Ni kuma na dubi bango. Bangon na da tsaga, na bi ta da ido har sama.

Sojan ya buga ƙofa da tafi. Na miƙe. Daga cikin bargon ya ce a gaida Bibata, a gaida Baba Siddo. Sannan ya ce, "Ka dawo Litinin, Baba."

Daga ni sai sojan a ɗakin. Ba na jin sojan yake nufi.

Maganar wutsiya ban yi masa ba. Sai ya fito ya gani da idonsa.

Talata, bayan la'asar

Siddo ya shigo yana tauna ƙuli-ƙuli, fuska a murtuke.

"An ce ka je Dosso."

"An ce."

"Ba ka gaya mini ba, Yaya."

"Na san za ka ji a bakin mai shayi."

Ya zauna. "Me ya ce?"

"Ya ce gidan Baba."

"Wanne?"

"Ga tanon nan, ka ga inda yake."

Ransa ya ɓaci, ya janye ragar da sauri, ya sa hannu daga sama, ko buta bai duba ba. Kumandan ya kama shi a yatsan tsakiya. Ya yi salati ya fizge, jini har kan riga.

Na ce kar ka zo musu ta sama, Siddo, shaho suke zatonka. Na nuna masa murhu, ga toka can.

Yana tsaye da yatsa cikin toka ya ce, "Litinin fa?"

Na ce mutum ɗaya ke shiga. Kai ka riƙe shi tun yaye, ka bar ni in riƙe Litinin. In kana so ka zo ka yi mini rakiya, akwai inuwa a gindin bedi, matan wurin kuma suna ba da ruwa.

Sannan ya ce kifin dai shi zai saya. Na ce ya saya, ni zan shiga da shi.

Sai na ba ɗana Alassan labarin cizon nan. Zai yi dariya, in haƙarƙarin ya bar shi.